Ruga Goma Sha Takwas

Shekarar da ciwon bushiya ya shigo dajin Birnin Gwari yana kashe shanu, ina ƙaramin malami a ofishin dabbobi. Allura ta iso daga Kaduna. Mota ɗaya gare mu, rugage kuwa goma sha takwas, daga bayan Gayam har Gwaska. Maigidana, mutumin da ya fi son takarda a kan abincinsa, ya kira ni.

"Kai aka ce ka iya lissafi. Man da aka ba mu kaɗan ne. Fito mini da hanyar da ta fi kowace gajarta, mu taɓa kowace ruga mu dawo. Ka sa hannu babu wadda ta fi ta, sannan mota ta tashi."

Na ce, "To, ranka ya daɗe," har da murmushina, ni sakarai.

Auna hanya ɗaya ba wuya: ka ɗora zare a taswira, minti biyar ka gama. Tabbatar da babu wadda ta fi ta ne aikin, don sai ka gwada sauran. Ruga uku, jeri shida ne. Huɗu, ashirin da huɗu. Goma kuwa sun haura miliyan uku. Ni ga sha takwas, ga fensir guda. Rana ta biyu na kai masa hanya mai kyau, ya ce na tabbata? Na ce a'a. Ya turo mini takardata. Kwana sha ɗaya muna wannan shirme, direba na sharar barci a gindin mangwaro, kafin Kaduna ta yi wa maigidan tsawa mu tashi.

Bayan shekaru wani malamin lissafi a Zariya ya bayyana mini cewa matsaloli iri-iri ne. Wasu in sun girma aikinsu a hankali yake ƙaruwa. Wasu kuwa ruga ɗaya za ka ƙara aikin ya yi ta ninkuwa, kuma ba wanda ya san dabarar warware su da sauri, ko da inji. Tawa tana cikinsu. Yana faɗa yana jin daɗi, ni kuwa kamar in shaƙe shi, don ni na ga rugar ƙarshe.

Tsohon ardon wurin, wanda garkensa a da ke cika fadama, shanu bakwai muka tarar ciwon ya bar masa. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya riƙe su da kansa aka yi musu allurar.

Ya ce, "Sannunku da hanya, malam. Hala nisa ne ya tsare ku?"

Na ce, "Nisa ne, Baffa."