Ranar da Kunkurun Anti Ya Nufi Rijiya

Shekarun baya can, ina aji biyar na firamare a Gagarawa, ni ce yarinyar da ba a san muryarta ba. Ko gaisuwa na yi sai an ce, "Me kika ce?" In baƙi suka shigo gidanmu, bayan rumbu nake komawa in riƙa leƙensu. Bakina dai a rufe, amma idona ba ya barin komai ya wuce.

Malamarmu ta lissafi 'yar Filato ce, Kirista, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. Wani hutu ƙanwarta ta zo daga jami'a, inda take shekarar ƙarshe a karatun injiniya. Anti muke ce mata. Nan da nan labari ya zaga unguwa cewa ta zo da mutum-mutumin da ta ƙera da hannunta, kuma sai malamanta sun ga yana aiki za su yarda ta gama.

Da Anti ta shigo gaisuwa, kakata ta tare ta. "'Yar nan, shekara biyar a makaranta saboda mutum-mutumi? Ni a ba ni kara biyu da tsohuwar riga, kafin la'asar na kafa shi a gona."

"Kaka, ai nawa tafiya yake yi."

"Tafiya? To in ya tafi wa zai tsare gonar?"

Ta wata 'yar ɓula a katanga na fara ganinsa. Bai yi kama da mutum ba ko kaɗan. Kwanon silba ne a kife, da ƙafafun motar wasan yara, da ɗan injin da ta ciro daga tsohuwar rediyo. A bayansa ta kafa sanda mai juyawa, ta ɗaɗɗaura zaren kaset yana walƙiya don korar tsuntsaye. Yara suka sa masa suna Kunkuru. A goshinsa akwai wani abu kamar ƙwayar gyaɗa, shi ne kunnensa. In Anti ta tafa sau ɗaya sai ya tashi, in ta sake tafawa sai ya tsaya. Na kuma lura ba tafi kaɗai yake ji ba. Rannan Malama ta yi atishawa kusa da shi, ya kama hanya ya nufi murhu.

Ana gobe za ta koma, Anti ta roƙi mahaifina ta gwada shi a lambunmu, ta ga ko zai iya bin tsakanin kunyoyi. Rabin unguwa suka biyo mu. Ni da na ga taro sai na zame, na zagaya can ƙarshen lambu, bayan rijiya, na laɓe a gindin zogale. Rijiyar lambu ce, bakinta faɗi, ba ta da murfi.

Anti ta ce kowa ya yi shiru. Ta ajiye Kunkuru, ta tafa. Ya taho tiryan-tiryan, zaren kaset na kaɗawa, har wasu kurciyoyi suka tashi. Mutane suna toshe baki kada dariya ta fito. Can gaba Anti ta gitta katako don ya tare shi. Sai dai akwai inda ruwan ban-ruwa ya cinye kunya ɗaya, ta nan Kunkuru ya karkace, ya bar hanya, ya miƙe sak zuwa rijiya.

Anti ta tafa. Bai ji ba, ya yi nisa. Ta yi ihu, ta sheƙa da gudu, takalminta ya maƙale a taɓo. Shi ke nan mata, ba ta da wani, kuma aikin shekara guda ne.

Ni kaɗai ce kusa, amma rijiyar na tsakanina da Kunkuru. Hannuna ba zai kai ba, zagayawa kuma babu lokaci. Ban san daga ina ta fito ba, na dai ji wata murya ta tsaga lambun.

"KAI!"

Kunkuru ya tsaya cak, ƙafarsa ta gaba na zubo ƙasa cikin ruwa.

Saura kaɗan in ƙara da "tsaya", sai na tuna atishawar Malama. Ƙara ɗaya kuma, zai sake tashi. Na danne bakina da hannu. Ga jama'a sun taho a guje, ga kakata a gaba ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa. Ni da ba na iya haɗa ido da babba, na zare mata ido, na ɗora yatsa a leɓe. Tsohuwa ta haɗiye guɗarta. Kowa ya daskare. Anti ta lallaɓo da takalmi ɗaya, ta durƙusa, ta zare batir.

Sai a lokacin lambu ya ɓarke. Anti ta ɗaga ni sama tana juyi, taɓo har wuyanta. "Ashe kina da lasifika kika ɓoye mana!" Mahaifina ya ce shi ya zaci wani ƙato ne ya shigo lambu. Mahaifiyata kuwa cewa ta yi, yau dai 'yarta ta ajiye kunyarta a kan kunya ta dawo gida.

Anti ta ci jarrabawarta. Da ta sake dawowa ta ce ta sa masa gashin baki na waya da ke tsayar da shi in ya zo bakin rami, kuma da malamai suka tambayi dalili, labarina ta ba su. Kwana na yi ina murmushi ni kaɗai.

Har yau ba ni da yawan magana. Amma tun daga ranar na san muryar tana nan, in an buƙace ta za ta fito. Yanzu in na ga ɗan jirgin nan marar matuƙi yana shawagi a wajen biki, Kunkuru nake tunawa. Kakata kam har ta bar duniya ba ta sauka daga ra'ayinta ba. Ta ce nata mutum-mutumin ya fi, don bai taɓa nufar rijiya ba.