Muryoyinmu da Ke Rufe a Jami'a

Rahinatu jikata, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana. In kin ji na yi shiru, kuka ne, ki jira ni.

A Dabokpa na tashi, a hannun kakata mai yin man kaɗe. Bayan magariba takan hura wuta ta soya ƙwarar kaɗe, mu yaran gida da na maƙwabta mu kewaye ta. Hayaƙi na shiga mana ido, amma babu mai tashi. In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga wata ta taso daga nesa." Mu ce, "Ta sauka gidanmu." In ba mu amsa ba, ko kalma ba ta ƙarawa. Cikinmu akwai wani ɗan maƙwabta mai muryar gwangwani, kullum shi ke riga kowa amsawa. Shi na aura daga baya. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yau ba.

Ba a daɗe da sauke tutar Bature ba, sai ga malamai biyu daga wata jami'a ta kudu, ɗauke da akwatin ɗaukar murya mai faifai biyu masu juyawa. Suka ce yanzu ƙasa tamu ce, za su adana maganar tsofaffi. Da hantsi suka zo. Kaka ta ce ba a tatsuniya da rana, su je su dawo. Da suka dawo da yamma, sai suka ce a kori yara, akwatin ba ya son hayaniya.

Kaka ta ci gaba da juya ƙwararta. "To, 'ya'yana, wa zai amsa mini? Akwatin? In ya iya, bismilla."

Dole suka bar mu.

Ga wadda ta zaɓa musu. Kura ce ta ji mata na waƙar daka, waƙar ta yi mata daɗi, ta ɗure ta a gora, ta toshe, ta rataye a raminta. Mata suka koma daka shiru, tuwo ya daina daɗi. Bushiya ta je ta zauna a bakin ramin. Kura ta ce, "Ajiye muku nake yi, kada ta lalace." Bushiya ta ce, "Mun gode. Buɗe." Kura ta kai cizo, ƙaya ta cika mata baki. Ta shiga ta fita, ta shiga ta fita, Bushiya na nan. Ranar da Kura ta gaji ta cire marfin, duk garin ya ɗauki waƙar. Mu ma muka ɗauka, mai muryar gwangwani na gaba. Malaman suka yi dariya, suka rufe akwatinsu, suka hau lori.

A lokacin ina jin labarin kura ne kawai. Bana maigidana ya rasu. Ina cikin takaba na gane muryarsa ta fara ɓace mini. Fuskarsa na nan, amma muryar sai in nema in rasa. Wannan ya fi ranar jana'iza ciwo. Ke kika bincika, aka ce miki faifan na nan lafiya a jami'ar. Allah ya saka musu, da ba su adana ba da babu. Amma wai in je can, a sa mini abu a kunne, in saurara ni kaɗai a ɗakin da ba a magana.

Ban yarda ba. Kakata ta ƙi yin tatsuniyar babu masu amsawa, ni ma ba zan ji ta babu masu amsawa ba. Su riƙe faifansu, su kawo mana muryar nan Dabokpa, a kunna a tsakar gida bayan magariba, jikokinsa su ji yadda kakansu ke riga kowa, su amsa tare da shi.

In sun ƙi, Rahinatu, ki nemo mana lori, ki naɗe mini tabarma, mu je bakin ƙofarsu. Gwiwoyina sun mutu, amma zama na iya shi.