Maganar da Ba Wanda Ya Amsa

Shekarar da ruwa ya ƙi mu, zamanin mulkin soja, muka baro ƙauyenmu na wajen Takanamat da ƙafa, muka yada zango a bayan garin Tawa tare da tarin irinmu. Babana ya riga ya tafi kudu ci-rani. Saura ni, da Inna, da ƙanwata Rabi da ba a yaye ba, da Kaka Hajo, uwar babana. Ni ce mai goyon Rabi, don haka bayana ne ya fara sanin tana rage nauyi. Zawo ne ya kama ta, ya ƙi sakinta.

Bayan magariba mukan hura wuta da busasshen kashin shanu, abin da shanun suka bar mana ke nan kafin su mutu. Kaka ba mace ce mai lallashi ba. Duk wanda ya ɓata mata rai da rana, da yamma sai ka tsince shi cikin tatsuniya ya zama kura.

Ranar da nake son ba da labari, an yi taron zango, don sojoji sun ce a faɗi koke kafin motar hatsi ta zo. A wajenmu magana bi da bi ake yi, babba kafin ƙarami, maza kafin mata, ba mai katse wani, ba mai amsa wa wani. Inna tana kusan ƙarshe. Ta miƙe ta ce ɗiyarta ta daina kama nono. Na bayanta, wani saurayi da ya makara, ya tashi ya yi kukan jakinsa da aka sace. Da taro ya watse, sai mutane suka yi gungu-gungu, kowa ya bi maganar da ta taɓa shi. Mai jaki ya tara jama'a, masu gardamar tiyar rabon hatsi suka fi shi. Inna ta ɗan tsaya ita kaɗai, sannan ta dawo.

Da yamma Rabi na kwance a cinyar Inna, Kaka ta gyara zama ta ce, "Ku matso, ga ta nan tahe, kuma ba ta da daɗi."

Wai an yi fari a daji har tafkuna suka tsage. Zaki ya kira taro, ya jera dabbobi daga giwa zuwa ƙasa, ya ce kowa ya faɗi tasa ya zauna. Giwa ta yi kuka, ɓauna ta yi, aka yi ta gangarowa har aka zo kan bushiya. Bushiya ta ce ta ga ƙasa mai danshi a gindin wani gawo. Barewa ta so ta tambaya ina ne, amma nata layin ya wuce. Sai gafiya ta tashi ta ce kura ta cinye mata 'ya'ya, kura ta yi tsalle ta rantse, kafin rana ta faɗi ba mai tuna gawo.

Washegari zaki ya ce tsarin jiya ne bai yi ba. Yau duk mai amsa ya tashi ya je wurin wanda zai amsa wa. Nan da nan daji ya taru kan kura da gafiya, gungun ma ya rabu, masu cewa ta ci, da masu cewa ko ta ci yunwa ce. Wurin bushiya kunkuru kaɗai ya rarrafa ya je. Su biyu suka tona gindin gawo suka sha, sauran suka mutu suna gardama.

Na ce, "Kaka, don me bushiya ba ta yi ihu ba?"

Ta harare ni ta ce, "Da wane ƙarhi? Ke kin taɓa ganin mai yunwa na ihu? Sau guda tac ce, ita ke nan gare ta."

"To wane tsari ya fi?"

"Ke dai akwai tambayar banza. Duka biyu sun kashe su. Nan tat tsaya, tashi ki rage wutar ga."

Inna kuwa tana ta ɗiga wa Rabi ruwa a baki da yatsa.

Ba a jima ba Rabi ta rasu, da hantsi, a bayana. Ban ma sani ba sai da Inna ta zo kwance zanen goyon. Har yau ina tuna yadda na yi ta jijjiga ta ina yi mata waƙa.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wata dattijuwa daga Buzayen da ke gefen zango. Ta riƙe hannun Inna tana kuka, ta ce ta ji ta a taro, amma ita ta riga ta yi nata layin. Bayan an watse ta nemi Inna ba ta gane ta ba cikin jama'a, sai ta faɗa wa matan da ke kusa da ita cewa akwai lokotoro, wato likita, a bayan kasuwar dabbobi, yana duba yara masu zawo kowace safiya. Su kuma matan hankalinsu na kan rabo. Wurin bai kai nisan rijiyar da nake ɗebo ruwa ba. Kaka ba ta sake yin wannan tatsuniya ba har ta bar duniya.

Yanzu jikokina suna nuna mini zaurukan hira na cikin waya. A wani, magana na gangarowa layi ɗaya, ta bayan tana binne ta gaba. A wani, kowace magana da reshenta na amsoshi. Suna ta musu kan wanda ya fi, har su ce in raba gardama. Ni ba na raba ta. Nakan ce su nemo mini wanda ya yi magana ba a amsa masa ba, su karanta mini, su yi ta dariya wai tsufa ne. Su yi ta yi. Ni dai na san Rabi ta mutu a tsakiyar mutane masu kunne, kuma ba mugu ko ɗaya a cikinsu.