Asabar Ɗari Biyu a Kan Dakali

Wata rana, a garin Funtuwa, aure ya mutu tsakanin wani mai gyaran keken ɗinki da matarsa.

Sunansa Haladu, ita kuma Rakiya. Shi ba mugu ba ne, ita ma ba muguwa ba ce. Zama ne ya ƙi, manya suka yi ta sulhu har suka gaji, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya rage a tsakaninsu 'ya ce guda ɗaya, Suwaiba, mai shekara huɗu.

Da aka je gaban alƙali, bai ja zance ba. Ya ce riƙon yarinya na uwarta ne. Ci da sutura da makaranta da magani suna wuyan uba. Sannan uba yana da damar ganin 'yarsa duk ranar Asabar, daga la'asar zuwa magariba, a gidan iyayen Rakiya inda ta koma da zama.

Aka rubuta, aka buga hatimi. Haladu ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun gaba.

Ya koma gida ya tarar da shiru.

Ku da ba ku taɓa zama a gidan da yaro ya bari ba, ba za ku gane ba. Ba mai ɓarar maka da ruwa, ba mai ɗauke maka sukuddireba ya kai bayan randa. Inda ka ajiye abu, nan za ka same shi. Haladu ya kan dafa shayi, ya zuba a kofi, ya zauna har ya huce bai sha ba. Kewa ta kama shi sosai, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa.

Kwana shida yana aiki, amma Asabar yake jira.

Ranar tun azahar yake rufe shago. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya biya kasuwa ya sayi ayaba da lemo, ya hau kekensa. Ana idar da sallar la'asar yana ƙofar gidan.

Ba ya shiga. Gidan tsofaffin surukai ne, ina shi ina wuce zaure? Sai ya tsaya ya yi sallama, ya ce:

"A turo min yarinyar nan."

Sannan ya zauna a kan dakali.

To ga inda matsalar take, jama'a. Suwaiba 'yar fari ce, Haladu kuma mutumin zamanin da ne a jikin matashi. A gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a ma cika kallonsa ba. Shi kansa ɗan fari ne, kuma har mahaifinsa ya koma ga Allah bai taɓa jin "Haladu" daga bakinsa ba. Bai taɓa jin haushi ba. A wurinsa wannan kunyar ita ce ƙauna mai daraja.

Don haka in yarinya ta fito da kitsonta da kwalliyarta, sai ya kau da kai gefe.

"Ke, kina lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya makaranta?"

"Lafiya lau."

Shi ke nan, hira ta ƙare. Ya miƙa mata leda yana kallon titi kamar mai jiran mota. Ita tana gefe ɗaya na dakalin, shi yana ɗaya gefen, har a kira magariba.

Amma akwai abin da yake yi wanda ba wanda ya sani.

In ta shige gida, sai ya duba hagu da dama, ya durƙusa, ya nemi sawun ƙafarta a ƙasa. Ya ciro tsinken tsintsiya daga aljihu, ya auna, ya karya daidai tsawon sawun. Da wannan tsinken yake zuwa kasuwa ya sayo mata takalmi. Bai taɓa kawo wanda ya yi mata yawa ko ya matse ta ba. Tsinkayen kuma yana tara su a gwangwanin madara a kan tagarsa, kowanne ya ɗara na baya tsawo. In kewa ta ishe shi sai ya zazzage su a tabarma yana jerawa.

Mutum ya iya auna sawun 'yarsa a ƙasa, amma ya kasa kallon fuskarta. Haka Allah ya yi Haladu.

Shekara huɗu ana haka. Asabar sama da ɗari biyu, ko ruwa ake yi yana nan, bai taɓa fashi ba.

Sai wata Asabar ya yi sallama, yarinya ba ta fito ba.

Ya zauna har magariba, ya ajiye ledar a bakin zaure, ya tura kekensa ya tafi.

Asabar ta biyu, haka. Ta uku, haka. Maƙwabta suka fara gaishe shi da irin gaisuwar nan ta tausayi, wadda ta fi zagi ciwo.

Zuciya ta ce masa Rakiya ce. Ita ke zuga yarinya, so take ta raba shi da abu ɗaya da ya rage masa a duniya. Ya ciro takardar nan da ta tsufa a aljihu, ya koma kotu ya kai ƙara cewa ana hana shi ganin 'yarsa.

Aka kira Rakiya. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, wallahi duk Asabar ni ke mata wanka in shirya ta. Da ta ji sallamarsa sai ta shige bayan gado. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta ƙi faɗa min dalili."

Alƙalin dattijo ne mai natsuwa. Ya ce in zuwan yana cutar da yarinya, dole a sake duba tsarin, don ita ake dubawa kafin kowa.  Haladu ya zo neman haƙƙinsa, ga shi Asabar ɗin ma tana neman kuɓuce masa.

Alƙali ya sa aka fitar da jama'a, ya rage iyayen biyu. Ya kira Suwaiba, wadda yanzu ta kai shekara takwas, ya zaunar da ita kusa da shi.

"'Yata, wa ya hana ki fita wurin babanki?"

"Ba kowa."

"To me ya sa ba kya fita?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta.

"Ai bai san sunana ba. Kuma ba ya kallona. An ce alƙali ne ya ce ya riƙa zuwa. Ni ba na so a riƙa sa shi dole."



Haladu ya buɗe baki. "Allah ya gafarta Malam, 'yar fari ce..."

"Na sani," in ji alƙali. "Lokacin kana yaro, kai da mahaifinka a gida ɗaya kuke kwana, kana ganin abin da yake yi maka safe da yamma. Ita awa biyu take da kai a mako. Ni ranar Asabar kawai na iya rubuta maka, Malam Haladu. Abin da za ka faɗa mata a ranar, ba ni da takardarsa."

Bai canja hukunci ba. Ya ce su je, a ga abin da wata guda zai haifar.

Haladu ya fito bai iya hawa keken ba. Da ƙafa ya tura shi har gida, yana share ido da hannun riga. Ya zauna shi kaɗai a ɗakin, yana gwada sunan a bakinsa a hankali, kamar mai koyon karatu.

Asabar ta zo.

Ya jingine keke. Bai zauna a dakali ba. Ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, aka amsa daga ciki. Yana jin kamar duk unguwar shi take kallo.

Ya rufe ido.

"Suwaiba!"

Muryar ta fito kamar ba tasa ba.

Ya ɗan jira a bakin zauren.

Har ya fara juyawa, sai ya ji ƙarar takalmi a cikin zaure, taku ɗaya-ɗaya. Ya san takalmin, shi ya auna shi.

Ba ta rugo ta rungume shi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, rabin fuskarta a waje, tana kallonsa. Wannan karon bai kau da kai ba.

Ta ce, "Baba, sake faɗa."

Darasi: Kotu tana iya raba kwanaki, ta ce wannan ranar ta uwa ce, waccan ta uba. Ba ta iya shiga zuciyar yaro ta gaya masa ana son sa. Kunya abu ne mai kyau, amma yaron da iyayensa suka rabu ba ya ganin wahalar da kake sha a ɓoye. Abin da ka faɗa masa da yadda ka kalle shi kawai ya sani. In an ba ka awa biyu, kada ka cinye su da shiru. In kuma yaro ya ja baya, ka tambaye shi kafin ka zargi uwarsa.

Ka san wani uba ko wata uwa da ke zaune a kan irin wannan dakalin? Tura masa wannan kafin Asabar ta zo.