Ruwan Mutum Ɗaya

A gidanmu na Bebeji ba a ba ɗoɗɗoya ruwa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, a gindin dutsen alwala take shuka ta, can gefen tsakar gida inda hantsi ke fara sauka. Kowa ya zo da butarsa ya tsuguna, abin da ya zubo daga hannu da fuska da ƙafa shi ne rabonta. Mu kuwa gidan yawa ne, saboda haka ɗoɗɗoyarmu har ƙugun babba take kaiwa, maƙwabta suna aiko yara a tsinko musu ta miya ko ta mai ciwon ciki.

Inna tana da wani hali da yake ba ni haushi tun ina yarinya. In mun shiga gidan mutane barka ko dubiya, kafin ta gama gaisawa da matar gida ta saci kallon ɗoɗɗoyarsu. A hanyar komawa sai ka ji ta ce, "Gidan nan mutane sun ragu," ko kuwa, "Maigidan nan ba ya zama." Abin takaicin, ba ta cika yin kuskure ba.

An yi mini aure shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Ina son mijina, ban taɓa ɓoye wannan ba. Gona ya samu a bayan Tudun Wada, ya kafa ɗaki ɗaya da rumbu, ya kewaye da dangar kara, nesa da sauran gidaje. Cikin kayana Inna ta sa mini irin ɗoɗɗoya ƙulle a tsumma, da saiwar na'a-na'a a fasasshiyar tukunya. Maigidana ba ya son rana a ka, don haka a bayan rumbu ya ajiye dutsen alwalarsa, inda inuwa ke wuni. Ni kuma ban tsaya tunani ba, na shuka su duka biyun a nan, tunda dai a gindin dutse na ga ana shukawa.

Da aka gama girbi ya ce zai je haƙar kuza a duwatsun da ke bayan Doguwa, kamar yadda samarin wajen ke yi da rani. Ya ce kafin sanyi ya wuce yana gida. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Sau ɗaya wani mai jaki ya kawo mini gishiri da turmin atamfa, ya ce yana gaishe ni, aiki ya riƙe shi.

Kaɗaici ya dame ni, ba zan yi wa kowa kara ba. Na koma dafa tuwo a ƙaramar tukunyar miya. In na jiyo daka daga gidajen nesa sai in ɗauki taɓarya in bi sautinsu, ko da abin da ke turmina bai kai a daka ba. Akwai wata Bafulatana mai tallan nono da ke biyowa ta bakin dangata. Nakan ja ciniki da ita, in kushe nonon, in sake ɗanɗanawa, don kawai ta ƙara zama. Ita ma ta gane, takan sauke ƙwaryar ta bar ni in yi ta surutuna. Amma duk wanda zai je Bebeji, saƙona ɗaya ne: a gaya wa Inna muna lafiya, ni da maigidan. Ina tsoron ta ji gaskiya ta zo ta tattara ni, gari ya ɗauka cewa auren ya mutu tun bai yi shekara biyu ba.

Sai ga saƙo cewa Inna tana tafe bayan kasuwa biyu. Abin da na fara yi, na zagaya bayan rumbu na dubi ɗoɗɗoyata. Ga ta nan 'yar firit, ko gwiwa ba ta kai ba. Na kuwa san idon da zai dube ta.

Daga ranar na ƙara tulu a kan ɗiban ruwana. Rafin ya ƙafe, sai mun tona yashi mu jira ya tsatso, amma haka nake dawowa wuya na ciwo in juye tulu guda a gindin dutsen, safe da yamma. Na'a-na'a ta ji daɗi abinta, ta bazu har ƙarƙashin rumbu. Ɗoɗɗoya kuwa sai ta yi tsawo marar ƙarfi, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa yana zubewa. Da na ga haka, ni mai wayo, sai na ƙara mata ruwa. Ranar da Inna za ta iso na shanya rigar maigidana a igiya, na jiƙa butarsa na ajiye kusa da tawa.

Ta iso bayan azahar, ta sauka daga motar kaya a Kwanar Dangora, sauran hanyar kuma ta biyo masu jakuna. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo fura.

"Ina maigidan?" ta tambaya.

"Ya je Doguwa cin kasuwa, Inna. Gobe ko jibi yana hanya."

"Allah ya dawo da shi lafiya," ta ce, ta ci gaba da shan furarta.

Da la'asar ta ɗauki buta ta zagaya bayan rumbu, na bi ta kamar mai rakiya. Ta tsuguna, amma ba ta fara alwalar ba. Ta dubi ganyen, ta tura yatsa cikin taɓon, sannan ta shafa wani ɗan rami da ke gindin shukar.

"Ke 'yar nan, ruwan buta ba ya haƙa rami," ta ce. "Wannan bakin tulu ne. Tun yaushe ya tafi?"

Na buɗe baki zan sake wata ƙaryar, sai kuka ya riga ta fitowa. Na gaya mata tun girbi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma rarrashe ni ba, ta bar ni na yi mai isata tana tsinke ganyen da ya lalace.

Washegari da sassafe ta sa muka mirgina dutsen zuwa gabas da ɗaki. Ta ce na'a-na'a 'yar inuwa ce, a bar ta inda take, abin da ya zubo daga randa ya ishe ta. Ɗoɗɗoya kuwa rana take so tun daga hantsi, sai in rana ta take sannan inuwar ɗaki ta rufe ta. Ta tono ta da ƙasarta, ta datse rubabbiyar saiwar, ta tsinke kanta don ta yi rassa, ta dasa. Kwanakin da ta yi a wurina buta biyu ke zuba a kan dutsen nan. Na dawo da babbar tukunya kan murhu, na kuma daina jan ciniki da mai nono.

Ranar tafiyarta ta tsaya a bakin danga da ƙullin kayanta a ka.

"In za ki bi ni, ɗauko kayanki, ba wanda zai ce miki komai ina raye."

"Zan jira shi, Inna."

Ta gyara ƙullin a kanta, ta ce, "To, jira. Amma ki daina yi wa shukar nan ƙarya. Ruwanki kaɗai zai riƙe ta, ƙarama dai za ta zauna."

Na tsaya har ta shige cikin itatuwan ɗorawa na daina hango ta. Da azahar na tsuguna a kan dutsen ni kaɗai, ruwan ya sauka, ƙasa ta shanye shi tun ban miƙe ba. Ban taɓa jin gidan ya yi mini faɗi kamar ranar ba.

Maigidana ya dawo bayan an yi shuka, ya rame, ya yi baƙi. Da ya huta ya ɗauki butarsa ya nufi bayan rumbu, bai ga dutse ba, na nuna masa inda yake. Ya tsuguna yana nannaɗe hannun riga, ya dubi ɗoɗɗoyar, kore shar amma 'yar ƙarama, ya yi dariya.

"Wannan ce ta gidanku da kike ba ni labari, mai kai ƙugu? Me ya hana ta girma?"

Na ce masa, "Ruwan mutum ɗaya ta sha."