Malam Jumare, wanda ya mayar da ni kan hanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 10 ga Yuni, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Jumare Ishaku, mai gyaran kwamfuta a Tudun Ƙofa, bayan jinyar kwana biyar. An yi masa sutura bayan azahar a nan Keffi. Ban samu raka shi makwanci ba, domin keken guragun da nake zaune a kai ba ya shiga hanyar maƙabarta da damina. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Malam Jumare, ni ne Ghali direba. Shekara ashirin da biyu na yi ina jan tirela kafin hatsarin da ya kashe mini ƙafafu. Bayan an sallamo ni daga asibiti na zama mutumin da ba a son shiga ɗakinsa: ga faɗa, ga shiru mai nauyi. Ƙanena Kabiru ne ya kawo mini kwamfuta daga Abuja, haɗe da sitiyari da wani wasa na tuƙin manyan motoci, aka mayar da birki da totur maɓallan hannu. Ranar da na fara juya sitiyarin nan, matata Sumayya ta ce rabon da ta ji dariyata tun kafin hatsarin.

Sai na'urar ta fara cin amanata. Ina tsakiyar tafiya, na ɗauko kaya zan kai wani gari, sai hoton ya daskare, ƙarar injin ta maƙale wuri ɗaya, wani lokaci ma ta mutu gaba ɗaya. Wani zai ce ai wasa ne kawai. Ni kuwa duk tsayawar da ta yi, sai in ji na koma ranar da motata ta ƙwace mini. Na fara komawa halina na da, Sumayya ta gani, ta tafi shagonka da kanta.

Ba ka ce a kawo maka kwamfutar ba. Ka rufe shago ka zo a kan babur. Ka zauna a tabarma, ka ce, "Baba Ghali, kafin in taɓa komai, faɗa mini, a daidai ina take tsayawa?" Na ce ko'ina. Ka yi murmushi ka ce, "Ba ko'ina ba ne. Hau hanya mu gani."

A zuwan farko ka buɗe ta, ka fitar da ƙurar da ta toshe fankokin, ka sake shafa man da ke rage wa ƙwaƙwalwarta zafi, ka sa aka ɗaga ta daga kan kafet. Ta yi sauƙi kwana biyu, ta koma. A zuwa na biyu ka sabunta manhajar katin hoto, ka zare sandunan ram, wato ma'ajiyar da take aiki da ita, ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. Na ƙosa, na ce ka canza komai lokaci guda mu huta. Ka ce idan ka yi haka, ko ta warke ba za mu san abin da ke damunta ba. Ka gaya mini a rugar mahaifinka kusa da Agwada ka koyi wannan haƙuri, inda kake wuni kana kallon tafiyar saniya kafin ka gane ƙafar da ke mata ciwo.

Ka bar mini takarda da biro, ka ce duk sanda ta tsaya in rubuta abin da ke kan allo. Na yi mako ina rubutawa. Da ka dawo ka karanta, sai ka ɗago kai ka ce, "Baba, ka lura? Sau tara ta mutu, sau takwas ana ruwa a cikin wasan." Ashe idan hadari ya haɗu a allo, katin hoton yana jan wuta da ƙarfi, akwatin da ke raba wuta a cikinta kuwa ya gaji, ba ya iya ɗauka. Ka ciro na kwamfutarka ta shago ka ɗaura mini don gwaji. Na shiga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina jiran ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Na kai kayan har inda aka aike ni, na ja birki, kai kuma ka tafa kamar yaron mota.

Bayan an sa sabon akwati aikinka ya ƙare, amma ba ka daina zuwa ba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ka biyo da kindirmon da mahaifiyarka ke aiko maka, ka tambaye ni garin da na kai a makon. Kai ne ka lallaɓa ni har na yarda a riƙa fito da ni ƙofar gida da yamma. Yau ina da majalisa, matasan direbobi na zuwa neman shawara. Ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba, amma na san ka ga sauyin da idonka, kuma wannan yana sanyaya mini zuciya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna Huraira, da matarka Hapsatu, da 'ya'yanka Ikhlas da Abdulmuhaimin, da dukkan dangi na gari da na ruga. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari a kan tafarkinsa.

Ya Allah, bawanKa Jumare ya zauna da mara lafiya bai gaji ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce masaukinsa. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Ghali Abdulmumini, Keffi