Kada Mai Ciwon Haƙori

Tun da Kawu ya dawo daga asibiti bakinsa a karkace, ya daina magana. Likita ya ce muryar tana nan, shanyewar ɓarin jiki ce ta yi wa harshen nauyi, kuma in bai riƙa motsa shi ba, nan gaba ko ya so ba zai iya ba. Ranar farko ya gwada neman ruwa, kalmar ta fito a murɗe, wani ɗan dubiya ya ɗaga murya ya ce, "Me ya ce?" Shi ke nan Kawu ya ja bakinsa ya rufe. Sai nuni da hannu, sai gyaɗa kai.

Abin ya ci mini rai ba kaɗan ba, don da muryar mutumin nan muka girma.

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, mai gyaran talabijin. Shagonsa na bakin layinmu, ɗan tsukut, cike da matattun akwatuna har rufi, kullum ƙaurin dalma na tashi. Ban taɓa ganin mai kunya irinsa ba. Gaisuwa ma ƙasa-ƙasa yake amsa ta. In mai kaya ya zo yana faɗa, Kawu sai ya yi ta jujjuya sukudireba har mutumin ya gaji ya tafi.

Akwai wata talabijin da aka kawo gyara, mai ita bai sake waiwayarta ba. Hoto tas, murya babu. Da yamma in lokacin katun ya yi, Kawu zai juya ta ta kalli ƙofa, mu yaran layi mu zube a ƙasa. Shi yana can bayanta a kan benci, tulin akwatuna ya kare shi. Masu wannan sana'a kan jingine madubi a gaban talabijin, don su ga hoton alhali hannunsu na aiki ta bayanta. Ta wannan madubin, da ke bakin ƙofa, Kawu yake ganin abin da muke kallo.

Katun ɗin na wani ƙaton kada ne mai hula, kullum yana bin wani kwaɗo mai keke. Ranar da muka fara kallo, Kada ya wangame baki, ƙanwata Auta ta tsala ihu. Sai muka ji wata murya mai kauri ta fito daga bayan akwatin.

"Wayyo haƙorina! Likita, don Allah tsaya ka duba mini!"

Wata siririya ta amsa, "Na tashi aiki! Ka dawo gobe!"

Auta ta haɗiye kukanta. Daga ranar labarin ya zauna: Kada bawan Allah ne mai ciwon haƙori, Kwaɗo kuwa likita ne mara imani. Mun tausaya wa Kada har cikin ranmu. In ya faɗa rami, Kawu ya ce, "Ga haƙori, ga ƙugu!" mu yi ta birgima. In Kwaɗo ya tsere, har tsaki muke yi. A makaranta na taɓa cin kwalar wani ɗan gidan masu talabijin mai magana, don ya ce wai cinye Kwaɗo ake son yi. Yaron da bai san komai ba!

Aibi ɗaya ne da aikin Kawu. Da yake a madubi yake gani, komai a juye yake zo masa. Kwaɗo zai yi hagu, mu ji an ce, "Bari in yi dama in ɓace masa!" Mu kuwa mun yarda da Kawu fiye da idonmu. Har yau in direba ya ce in nuna masa hanya, sai na tsaya na tambayi kaina da wane hannu nake cin abinci.

Sai da na girma na tambayi Mama me ya sa talabijin ɗin nan ta gagari Kawu. Ta yi dariya ta ce, "Mutumin da ke tayar da wadda ta ƙone ƙurmus? Waya ɗaya ce ta tsinke. Ƙin haɗawa ya yi."

To wannan mutumin ne yanzu zaune a ɗaki shiru. Auta, wadda yau ita ma uwa ce, ta binciko katun ɗin a wayarta. Muka saurara da muryarsa ta asali, ashe da gaske yunwa ce ke damun Kada. Auta ta kashe ta ce, "Ƙarya suke yi, ba su san labarin ba."

Muka haɗa wayar da talabijin ɗin ɗakin Kawu, muka kashe murya, muka kewaye shi muna murmushi, kowa ya zuba wa bakinsa ido. Ya kalli hoton kaɗan, ya kalle mu, ya juya fuskarsa bango. Na fito tsakar gida raina a jagule.

Matarsa tana shanya, ba ta ko juyo ba ta ce, "Ku ma dai. Kun taɓa ganin ya yi abin nan ana kallonsa? Ni da nake matarsa, ta taga nake saurara."

Washegari na buɗe shagon na ɗauko madubin, duk ƙura, gefe ɗaya a fashe. Muka janyo teburin talabijin tsakiyar ɗaki, muka ajiye kujerar Kawu a bayansa, muka jibga kwalaye hagu da dama. Na jingine madubin a bakin ƙofa. Muka zauna a ƙasa, manya da mu, gwiwoyi na ƙara. 'Yar Auta, wadda ba ta fi shekara uku ba, tana kan cinyar uwarta.

Kwaɗo ya wuce a keke, shiru. Kada ya biyo shi, shiru. Sai Kada ya cika fuskar talabijin ya wangame baki, yarinyar nan ta fasa ihu irin na uwarta sak. Auta ta yunƙura za ta fita da ita, na riƙe mata hannu.

Kujera ta motsa a bayan kwalaye.

"Way...yo. Ha...ƙo...rina."

Muryar ta fito da nauyi, a murɗe, kamar ta wanda kumatunsa ya kumbura. Yarinya ta tsaya da kuka, ta ɗago kai ta ce, "Mama, me ya ce?"

Tambayar da ta rufe masa baki ke nan. Na runtse ido ina jiran shirun ya dawo.

"Na ce haƙorina!" in ji Kada, da ƙarfi wannan karon. "Li...kita, tsaya mana!"

"Wayyo," in ji yarinyar. "To ya tsaya mana!"

"Na tashi aiki," in ji Kwaɗo, a shaƙe, da ƙyar.

Hawaye na zuba a fuskar Auta, ni ma haka, amma ba wanda ya kuskura ya leƙa bayan kwalayen nan. Kwaɗo ya karya kan keke ya yi hagu. Kawu ya ce ya yi dama, kuma duk ɗakin ba wanda ya gyara masa.